Karnukan Bayan Arfa

Mutumin da ya tare ni a Jarwal sunansa Alhaji Mamman, ko kuma dai haka ya ce mini. Shi ne wanda ejan ɗinmu na Funtuwa ya ce zai damƙa ni a hannun masu aikin shara a Masallacin Harami. Tun a jirgi na gama tsara rayuwata: ni da tsintsiya, Ka'aba a gabana, in na gaji in jingina da ginshiƙi in kurɓi Zamzam mai sanyi. Alhaji Mamman ya karɓi fasfona ya juya shi gaba da baya, ya jefa a aljihu, ya hau da ni wani tsohon bene inda ake kwana bi da bi saboda katifu sun yi kaɗan. Da na tambaye shi yaushe zan fara aiki sai ya ce, "Kai dai je ka yi ɗawafi ka gode wa Allah. Wasu har su mutu ba su ga abin da kake gani ba." Gaskiyarsa ce, kuma da irin wannan gaskiyar ya rufe mini baki har na yi makonni ina zaman jira.

A wannan benen na fara kiran gida. Mahaifiyata, Inna, ta daɗe da ciwon ƙafa, ko zaure sai an riƙe ta take kaiwa. Ta san ba za ta zo Makka ba, kuma ban taɓa jin ta koka ba. Ba ta tambaye ni abin da zan aiko ba. Cewa ta yi, "Sale, abu guda nake so. Ranar Arfa ka tsaya a filin nan da ƙafarka, ka faɗa wa Allah sunana. Sunana na yanka, ba Inna ba." Na ce mata wannan ai mai sauƙi ne, ga Arfa nan a bayan gari. A lokacin ban san cewa mazaunin ƙasar ma sai da takardar izini yake aikin Hajji ba, wadda suke kira tasarihi, kuma irina ba ya samunta sai ubangidansa ya so.

Daga Jarwal aka mayar da ni Hindawiyya, ɗakin wani direban tasi ɗan Maraɗi. A nan na san Hajiya Kaltume mai sayar da tuwo a lungu, wadda kakanninta suka zo ta Chadi da ƙafa. Hausarta rabi Larabci ce, amma miyar kukarta ba gauraye. Ita ce ta ce in daina neman Alhaji Mamman, don ya riga ya miƙa ni ga wani. Ba a jima ba kuwa wani Balarabe mai ƙaton ciki, Abu Nasir, ya zo da mota a-kori-kura, ya nuna mini fasfona ta taga, ya nuna mini bayan motar.

Muka wuce Aziziyya da dogayen benayenta, muka wuce Mina, tantuna farare jere ba kowa a ciki, muka bi hanyar Ɗa'if, sannan muka sauka daga kwalta muka shiga wani kwari tsakanin baƙaƙen duwatsu. Warin ne ya fara tarar da ni kafin ƙarar. Da aka buɗe ƙofar langa-langa na ga abin da ke ciki, na tsaya cik. Karnuka ne. Dogaye sirara masu dogon baki, da ƙatta masu kai kamar turmi, kowanne a kejinsa, duk sun zuba mini ido.

Ni ɗan ladan ne. A gidanmu in kare ya ratsa ƙofar zaure sai an watsa ruwa. Na juya na fara zazzaga wa Abu Nasir masifa da Hausa, shi kuwa yana ta duba wayarsa. Sai na ji wata murya a bayana.

"Ya waladi, ɗana, ajiye numfashinka, ba ya jin komai. Zo ka sha moya."

Wani tsoho ne baƙi siriri, yana ɗingishi, ya miƙo mini ruwa a gwangwani. Shi ne Baba Bakur. A Makka aka haife shi, iyayensa Sakkwatawa ne da suka biyo ta Sudan, kuma shi ke kula da hoshin, wato wannan shingen, tun kafin a haife ni. Ya fassara mini abin da Abu Nasir yake faɗa: wai ya fi son ɗaukar mutanenmu ne saboda ya ji a mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne, don haka ba za mu dame shi da ƙyanƙyami ba.

Na ce, "Baba, gaya masa malamanmu na iya faɗar haka, amma bai tambayi uwata ba."

Baba ya yi dariya har da tari, bai fassara ba.

Aikin ga shi: wurin ajiyar karnuka ne. A cikin gari ba mai son maƙwabta su ji haushi daga gidansa, don haka mafarauta masu karnukan tsere da ake kira saluki, da masu gonaki da rumbunan kaya da ke da karnukan gadi, sai su kawo su nan. Wani ya sauke nasa da safe ya ɗauka da yamma, wani ya bar shi mako. Mu dafa shinkafa da kawunan kaji a ƙatuwar tukunya, mu kwashe kashi, mu cire kaska da yatsa, mu jiƙa buhuna mu rufa a kan kejin in rana ta ɗaga. Ruwa tankar mota ke kawowa. Watannin farko nakan wanke hannuna da ƙasa har fata ta fara tsagewa. An cije ni a cinya, an cije ni a gwiwar hannu. Nakan zauna bayan tankin ruwa in yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka binne mahaifina, in ce Allah, na zo ɗakinKa ne, sai Ka kai ni gidan karnuka. A gida kuwa na ce musu a gona nake aiki, tunda abin da aka rubuta ke nan a iƙamata, katin zamana.

Ba zan ɓoye ba, daɗin ya shigo ba tare da na ba shi izini ba. Bayan sallar asuba, kafin duwatsu su ɗauki zafi, mukan saki salukin su yi gudu a kwarin. Wanda bai ga wannan ba bai ga gudu ba. Ƙafafunsu ba sa ƙara, ƙura ce kawai ke tashi a bayansu, su kai ƙarshen kwarin su juyo, kuma duk su nufo ni, ni Sale, wanda a garin nan kaf ba mai murnar ganinsa. Akwai wata tsohuwar saluki mai ruwan ƙasa, Gazala, wadda mai ita ya kawo ya manta da ita. Ita ba ta gudu sosai. Takan zo ta tsaya kusa da ni, ba ta taɓa ni, kamar ta san ƙa'idata. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni ta kwana a bakin ƙofata ba ta ci abinci ba. Da na warke ni na fara ɗora mata hannu a ka, na kuma duba hagu da dama kada wani ɗan Funtuwa ya gan ni a tsakiyar hamada.

Ranar Juma'a nakan shiga gari in yi salla, in biya ta Hindawiyya. Wata rana Hajiya Kaltume ta tsinci gashi a kafaɗar rigata, ta murza shi a yatsa, ta dube ni. Daga ranar ta ware mini kwano nawa ni kaɗai, wanda ba ta haɗa shi da sauran wajen wanki. Raina ya ɓaci, sai dai na lura naman da ke cikin kwanon nan ya fi na kowa. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Hajjin farko ya same ni a hoshi. Lokacin ne aikinmu ke ninkuwa, don masu gidaje a Aziziyya da kewaye suna ba alhazai haya su fice, karnukansu kuma su taru a wurinmu. Hanyoyi a rufe, tanka ba ta zuwa, kowane bokiti sai an auna. Na roƙi Abu Nasir ya nema mini tasarihi, ya ce baɗi in sha Allahu.

Ranar Arfa da hantsi ina kwashe kashi sai na ji wani abu ya sauya, na kasa gane ko mene ne. Sai can na gane: ba haushi. Hoshi cike da karnuka, waɗanda ko leda ta motsa sai sun tayar da hankalin duniya, amma duk sun yi tsit. Kowanne yana tsaye a kejinsa, ya juya fuska ga dutsen da ke tsakaninmu da Arfa. Ba wanda ya taɓa abinci. Na kasa kunne, sai na ji abin da suke ji. Wata irin ƙara ce can ƙasa-ƙasa, kamar ta ƙudan zuma a cikin rami, tana zuwa tana komawa da iska. Talbiyyar alhazai ce ke tsallako dutsen. Ba ka jin kalma ko ɗaya, amma kana jin ta a ƙirjinka. 

Baba ya fito da jarkoki ya jera a bakin ƙofa, ya kwance Gazala, ya zauna a kan bulo yana kallon gangaren dutse. Ya gaya mini cewa kowace shekara masu Hajji ba takarda suna ratso duwatsun nan da ƙafa don kauce wa shingen jami'ai, wasu su ɓace, ƙishirwa ta kayar da su. Gazala ke gano su, shi kuma ya kai ruwa.

Da rana ta take sai ga wasu masu fararen kaya can a gangaren, suna tafiya a jere, a hankali. Na sunkuci jarka. Baba ya damƙe mini hannu da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Dubi karyar tukuna."

Gazala ta kwanta, ta ɗora haɓa a ƙasa, kunnuwanta a kwance. Idonta na bin su, amma ko gurnani babu.

"Ka riƙe wannan," in ji Baba. "In ta yi haushi, ruga, mutum ne mai ƙishirwa. In ta yi shiru ta kwanta, to ba kai za ka shayar da su ba. Kada ka bi su, ko da sun kira ka da Hausa."

"Su wane ne?"

"Allahu a'alam. Ni ban ce komai ba. Ubana ya ce ayarinsu ya rasa mutane a kwarin nan, saura ƙiris su isa."

Na ce a raina tsufa ne da zafin rana. Amma na bi su da ido har suka shiga bayan wani dutse ɗan ƙarami wanda ko akuya ba zai ɓoye ba, kuma ban ga sun fito ta ɗaya gefen ba.

Hajji na biyu ma Abu Nasir ya ce baɗi. Kafin na uku ya zo, ya sanar da ni cewa da an gama Sallah zai sallame ni in koma gida, ya samo wani. A watan ne ƙanwata ta gaya mini a waya cewa Inna ta daina tashi daga gado, kuma kullum sai ta sa an lissafa mata saura wata nawa Arfa. Na san in na bar ƙasar nan ba zan sake ganinta ba, irina ba ya zuwa Makka sau biyu. Na gaya wa Baba zan tsallaka dutsen da ƙafa. Ya ce zai riƙe hoshin shi kaɗai.

Ranar Arfa na gama ba karnuka ruwa da wuri, na yi wanka, na ɗaura ihrami, na sa silifa, na rataya jarka ƙarama. Baba ya kwance Gazala.

"Tafi da ita. Za ta kai ka inda za ka hango tantuna, daga nan ta juyo da kanta."

"Haba Baba. Ina cikin ihrami, in doshi Arfa da karya a gaba?"

"Ba don hanya kaɗai ba ne, ya waladi. Yalla, kama hanya, rana na yi."

Muka kama hawa. Duwatsun wajen nan ba su da bishiya, sai ƙaya nan da can, kuma zafinsu ta ƙasa yake tasowa ya haɗu da na sama. Talbiyyar na ƙara ƙarfi, ni ma ina yi, muryata ni kaɗai tana dawo mini. Raina fari tas. Ina ta maimaita abin da zan faɗa in na isa. Rana ta kai tsaka lokacin da muka iso wata mararraba, inda hanyar awaki ta rabu biyu. Gazala ta nufi hagu, inda hawan ya fi tsayi. Sai na ji sallama.

Yana tsaye a hanyar dama, ban ga zuwansa ba. Dattijo ne dogo, ihraminsa na saƙi ne irin na da, ya yi jaja-jaja don tsufa, da gora a rataye a kafaɗa. Na amsa sallamar.

"Ɗan samari, Arfa za ka?" Hausarsa irin ta kakana ce, a nutse, ba ko ɗigon Larabci.

"Can za ni, Baba."

"Wannan hanyar da nisa. Biyo ni ta nan, ayarinmu na gaba kaɗan. Yanzu za mu isa."

Daɗi ya kama ni, don ƙafafuna sun fara nauyi. Har na yi taku na waiwaya in kira Gazala. Tana kwance a kan dutse mai zafin da zai iya gasa ƙwai, haɓarta a ƙasa, kunnuwa a kwance. Jikinta na rawa.

Na sake duban mutumin. Gumi ya jiƙa ni har ihramina ya manne, shi kuwa goshinsa a bushe. Ƙafarsa ba takalmi, a kan wannan dutsen. Na nemi inuwarsa, amma a irin wannan lokacin a Makka inuwar kowa tana ƙarƙashin ƙafarsa, ba abin da za ka gane. Bai matso ba, bai yi fushi ba. Fuskarsa ta mutumin kirki ce wanda ya gaji matuƙa, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

"Mun daɗe muna tafiya," ya ce. "Zo mana, ka cika mu."

Na kasa ko da neman tsari. Kuma zan faɗi gaskiya, wani sashe na zuciyata yana so ya bi shi. Ƙarar talbiyyar ta bayansa ta fi fitowa, kamar ina leƙawa zan ga filin.

Sai Gazala ta zabura ta yi haushi. Ba shi take wa ba. Ta juya baya ne, tana fuskantar wani rami a ƙasan hanyar da muka baro, tana haushi irin na tashin hankali, ta gangara da gudun da ban taɓa ganin ta yi ba. Na bi ta da ido, da na juyo hanyar dama ba kowa.

Na tsaya a mararrabar. Hagu ga Arfa, hawa ɗaya ya rage. Ƙasa ga haushi. Na ce wa kaina wata ƙila dila ta gani. Na yi taku biyu zuwa hagu, haushin ya ƙi tsayawa. Na ja tsaki, na zagi Gazala, na zagi Abu Nasir da Alhaji Mamman, duk da na san mai ihrami ba ya zagi, na gangara.

Mutum ne, kwance a gindin ƙaya, ya cusa kansa cikin 'yar inuwarta. Ɗan ƙaramin tsoho, daga ganin fuskarsa ɗan Bangaladash ne ko wajen can, hannayensa na lebura. Leɓɓansa sun tsage, idonsa a rufe, jikinsa zafi kamar murfin tukunya. Na ɗiga masa ruwa a baki, ya haɗiye da ƙyar. Na jiƙa mayafin ihramina na rufa masa, ruwan ya ƙare. Na yi masa magana da Hausa, na yi da ɗan Larabcina, ba amsa. Na duba hawan da ke zuwa Arfa. Ni kaɗai zan iya, amma da mutum a baya ba zan kai ko rabi ba. Hoshi kuwa gangara ce, kuma akwai ruwa.

Na goya shi. A hanya silifata ta tsinke, ta farko sannan ta biyu. Ban san yadda zan kwatanta tafiya ba takalmi a kan duwatsun nan da rana ba, sai dai in ce daga baya na daina jin ƙafafun gaba ɗaya. Gazala na gaba, tana waiwaye. Sau da yawa na ga fari-fari a gefen idona, a jere, suna tafiya daidai da mu can a gangare. Ban juya ba.

La'asar ta wuce muka isa. Baba ya taimaka muka kwantar da mutumin a rumfa, muka yi ta zuba masa ruwan da aka tanadar wa karnuka. Ba ya motsi. Na miƙe na ce zan koma, tunda tsayuwar Arfa tana nan har ketowar alfijir. Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zube. Baba ya ɗaga tafin ƙafata ya duba, ya kau da kai.

"Halas, shi ke nan, ya waladi. Wannan ƙafar ko ƙofa ba za ta kai ka ba, sai bayan Sallah da kwanaki."

Na jingina da bango. Hoshin shiru, karnukan na tsaye suna kallon dutse, ƙarar mutane na ta zuwa da iskar yamma, yanzu ta fi kama da kuka. Gazala ta kwanta kusa da mutumin, ta ɗora haɓa a ƙasa, ba ta ce uffan ba. Ni da Baba muka dubi juna. Na rasa Arfa, kuma wata ƙila gawa na goyo.

A lokacin wayata ta yi ƙara. Ƙanwata ce, ta ce ga Inna.

"Sale, ka isa?" Muryarta ta yi ƙasa sosai. "Ina jin mutane. Su ne alhazan?"

"Su ne, Inna."

Ban yi ƙarya ba tukuna, kuma da na ce na isa da ba wanda zai taɓa sani. Na buɗe baki. Sai mutumin da na goyo ya yi tari, ya ɗaga hannu yana lalube, Gazala kuwa ta miƙe tsaye ta sakar masa haushi a fuska, sauran karnukan suka amsa gaba ɗaya har langa-langa na girgiza. Baba ya ɗaga hannu sama yana alhamdu lillahi, yana kuka yana dariya.

Da karnukan suka lafa na ji numfashin Inna a wayar.

"Karnuka nake ji?"

Na gaya mata. Na gaya mata inda nake aiki tun zuwana, da abin da nake taɓawa da hannuna kullum, da mutumin da na goyo, da ƙafata. Ban gaya mata na mararraba ba. Na ce, "Ban isa ba, Inna. Ban kai miki sunanki ba, kuma ba zan iya kaiwa ba."

Sai ta tambaye ni.

"Mutumin ya sha ruwa?"

"Yana sha yanzu."

"Daga inda kake, kana ganin dutsen?"

"Bayansa nake gani."

"To juya wajen. Faɗe shi a nan in ji."

A garinmu ɗa ba ya kiran sunan uwarsa, balle a kunnenta. Tun da aka haife ni sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba, ko wata mai irinsa na haɗu da ita sai in ce mai sunan Inna. Na ja jiki da gwiwa na fita daga rumfar, na fuskanci baƙin dutsen, rabin ihrami a jikina, gashin kare ko'ina a kansa. Rana ta kusa faɗuwa. Na ɗaga hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da waya.

Na ce, "Ya Allah, ga Hajara 'yar Malam Buba. Ba ta samu zuwa ba, ni ma ban samu ba."

Na kasa ci gaba. Can daga Funtuwa na ji ta ce amin, sannan ta ce, "Ƙara faɗa, ban ji sosai ba."